Wanda Aka Ɓoye a Rumbu

Wata safiya ce a watan Oktoba na shekarar 1976. Kaka ta yi, ko'ina a ƙauyenmu na arewacin Maijirgi ba ka jin komai sai ƙarar taɓarya da ƙamshin sabon gero. Ina tsugune a gindin turmi, Inna ta gutsuro mini gumba ke nan, sai ga Baba ya faɗo gida da sauri ko sallama babu. Bai dube ni ba. Ya wuce ni kamar wanda ya wuce tulu, ya cafki hannun yayana Rabe, wanda ya girme ni da shekara guda da ɗoriya, ya ja shi bayan ɗaki. Na bi su da gumbata a hannu. Da idona na ga Baba ya ɗage jinkar rumbu, ya ɗaga Rabe cak, ya sauke shi a kan dammunan gero, ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Ko tari ya zo maka, ka haɗiye shi." Ya mayar da jinka, ya juyo, muka yi ido huɗu. Ni kuwa na ɗaga hannuwana sama, ina jiran ni ma a ɗauke ni. Baba ya kama hannuwan ya sauke su, ya goge mini baki da gefen rigarsa, ya ce in zo mu je, ana kira a ƙofar gida.

A ƙofar gida muka tarar da mai gari, da wani dogon mutum mai wando da takalmi sau-ciki wanda aka ce mushe ne, wato malamin lakwal, makarantar boko, da wani gardi yana kaɗa bulala a ƙafarsa. Zamanin mulkin soja ne, magana in ta fito daga sama ba a mayar da ita. An buɗe lakwal a ƙauyen da ke gaba da mu, an ce kowane gida sai ya ba da yaro. Mushe ya ce in ɗora hannun dama bisa kai in taɓo kunnen hagu, don da haka suke gane wanda ya isa. Na miƙe iya miƙewa, har da ɗage, na taɓo, ina murna na ci gasa. Mai gari ya tambaya ina babban, Baba ya ce ya bi awaki can wajen dangin uwarsa. Mai gari bai ja maganar ba, don shi ma nasa ɗan lelen yana ƙarƙashin gado a lokacin. Da aka wuce da mu, mata suka bi mu da kuka kamar an fitar da gawa. Mutanenmu a lokacin sun ɗauka yaron da ya shiga lakwal ya fita daga hannu: ba zai yi noma ba, ba zai durƙusa wa manya ba, har cewa ake yi da hagu zai riƙa cin tuwo. Saboda haka kowa yakan ɓoye wanda ba ya iya rabuwa da shi, ya miƙa wanda ya samu.

Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini haka, amma yaro ba ya bukatar a faɗa masa. Kafin sati ya zagayo, yaran ƙauye sun raba mu gida biyu, akwai 'yan rumbu, akwai 'yan mushe, kuma kowa ya san wane ne ɗan so a gidansu. Tun daga ranar nan kishin Rabe ya shige ni. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, bai taɓa yi mini komai ba, amma in na dube shi sai kishin ya motsa.

Lakwal ɗin kanta ba ta cuce ni ba, gaskiya. Ajinmu na zana ne, a ƙasa muke zama, kowa da ɗan allonsa baƙi da guntun alli a aljihu. Da safe mu jeru a ɗaga tuta, mu rera waƙar ƙasa da Faransancin da ba mu san ma'anarsa ba, mu yi fareti har ƙasa ta tashi. Wanda ya kuskure ya yi Hausa a fili sai a rataya masa wani ƙashin jaki a wuya, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Mu ne ɗebo wa mushe ruwa, mu ne yi masa itace, mu ne ban ruwan 'yan itatuwan dogon yaro da aka dasa a filin lakwal, kowa da nasa, in naka ya mutu jikinka ya gaya maka. In an fita shan iska mu yi langa, mu yi ƙwallon tsumma, mu haƙa ramukan dara a yashi. Kaina ya ɗauki karatu da wuri, har mushe ya riƙa sa ni gaban aji. Sai dai duk wannan daɗin yakan zube tun a hanya, domin kowace safiya hanyarmu ɗaya da Baba har bakin rijiya. Nan zan karkata gabas da jakar tsummana, su kuma su miƙe arewa, Baba a gaba bisa jaki, Rabe a bayansa ya rungume masa ƙugu, ƙafafunsa na reto. Nakan tsaya in bi su da kallo har su shige cikin gawo, sannan in ruga don kada in makara.

Ranar da na fara zuwa na ɗaya a aji, da gudu na dawo gida. Na tarar da Baba yana gyaran ƙotar hauya. Na faɗa masa ina haki, ya ɗago ya ce, "To, madalla, Allah shi ƙara," sannan ya juya ya tambayi Rabe ko ya duba kofaton jakin nan da ke ɗingishi. Suka shiga zancen kofato, ni kuwa ina tsaye da na ɗayana kamar mai tallan da ba a taya ba. A wannan shekarar ce kuma Baba ya yanka wa Rabe gayauna, ɗan fili nasa na kansa a gefen gandu, ya shuka gyaɗa da wake. Da na ce ni fa, sai Inna ta yi dariya ta ce gayaunata tana cikin jaka.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓen iri. Geron gidanmu zango ne, mai doguwar zangarniya, Baba ya ce daga hannun kakansa ya fito, ba a taɓa sayensa a kasuwa ba. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gona, Baba yakan ratsa ta shi kaɗai da sassafe, hannu ɗaya a baya, yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika har baki, ba tsutsa, ba gibi, ita yake yankewa. A ɗaure su dami daban, a rataye a ƙololuwar ɗakinsa inda hayaƙi ke kaiwa, ba mai taɓawa sai ruwa ya sauka. Da Rabe ya tasa, sai ya zama su biyu ke ratsawa. Ina jiyo muryar Baba daga nesa yana yi masa magana a hankali, irin muryar da ban taɓa jin ya yi mini ba. Wata rana da babu lakwal na lallaɓa na bi su. Baba ya waigo ya gan ni, ya yi murmushi ya ce, "Koma inuwa, Mushe, kada ƙaiƙayi shi ɓata maka riga." Wasa yake yi, na sani yanzu. A ranar kuwa bayan rumbu na koma na yi kuka har na gode Allah, kuma sunan Mushe ya bi ni daga nan.

Ni ma ban zauna haka ba, na nemi hanyar ramawa irin ta yaro. In an raba nama sai na auna nawa da nasa da ido. In Rabe ya yi magana in amsa masa da Faransanci, in ya ce me na ce, in ce ba na manoma ba ne. Har jakin na laƙaba wa suna irin na Nasara don dai in nuna akwai abin da na sani. Abin haushin shi ne Rabe ba ya fushi. Sai ya yi dariya, ya ce in sake faɗa, ya kwaikwaya ya karya harshe, mu yi ta yi har Inna ta kore mu. Da zai zage ni da na ji sanyi.

Da na ci jarrabawar sartifika aka tura ni kwaleji a Tasawa. Aka damƙa ni hannun Kawu Nomau, ƙanen Inna, wanda yake tuƙa motar asibiti, yana zaune da matarsa Inna Haɗi da yaransu ƙanana. Shi ya ba ni wani tsohon akwatin ƙarfe mai kwaɗo, na zuba tufafina da littattafaina, na rataya mabuɗin a wuya, na ji ni ma na zama mutum. A Tasawa na fara sanin abin da nake so. Akwai wata babbar taswira a bangon ajinmu, nakan tsaya gabanta bayan an tashi ina bin koguna da yatsa har teku. Akwai ɗan ɗakin littattafai da ake buɗewa jefi-jefi, na karance abin da ke ciki har da waɗanda gara ta ci rabi. Na gano ina jin daɗin bayyana wa wani abin da bai gane ba, har 'yan ajinmu suka riƙa taruwa gindin wata bishiyar bedi ina yi musu lissafi a ƙasa. Na ce wa raina ai shi ke nan, su riƙe jakinsu da geronsu, ni na sami abin da ya fi. Amma duk ranar kasuwa sai in tsinci kaina a bakin hanyar da mutanen Maijirgi ke shigowa, ina duba masu jakuna, ko Baba zai zo ganina. Saƙo dai yakan zo, ɗan ƙulli na gyaɗa ko gari, shi kam bai zo ba.

Sai shekarar 1984 ta zo. Ina gida hutun damina, na ga abin da idona. An yi binne tun kafin ruwa, ruwan ya yayyafa ya tsaya, shuka ta fito ta ƙone. Aka sake, ya sake yi mana haka. Geron da ya tsira ya kai gwiwa ya tsaya nan, ganyensa ya naɗe, kullum hadari ya haɗu a gabas iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa har ba adadi. Makiyaya daga wajen Isawan suka riƙa ratsa ƙauyenmu suna yin kudu da shanun da ƙashi kawai ya rage musu, wata saniyar in ta kwanta sai dai a yanka ta a nan. Wani Bafillace abokin Baba, wanda kowace shekara yake sauka a gonarmu bayan girbi shanunsa su bar mana taki, ya zo ya zauna a zaure da sandarsa kawai. Mata suka shiga daji ɗibar 'ya'yan anza, a jiƙa a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, ɗacin dai bai fita duka. Wasu suka koma tonon gidan tururuwa don ƙwayar da suka tara. Samarin da suka saba tafiya ci-rani Najeriya suka tarar an rufe iyaka. Motocin soja sukan zo da jar dawa ta taimako, a yi layi a rana, abin da za a samu bai kai sati ba. Da Oktoba ta yi na koma Tasawa, kuma ba zan ɓoye ba, da na hango gidan Kawu na ji ƙamshin miya sai da na ji daɗi, daɗin da ya zo da kunya.

Ba a yi wata guda ba, wata rana da azahar na dawo daga kwaleji, na ga jakinmu ɗaure a ƙofar gidan Kawu. Na ce a raina mutuwa aka yi. Na shiga na tarar da Baba zaune a tabarma, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ga wani burgami na fatar akuya a tsakanin ƙafafunsa ya riƙe da hannu biyu. Bayan gaisuwa ya ce in kai shi inda nake kwana. Muka shiga ɗan ɗakin zauren, ya tura ƙyaure, ya ce, "Buɗe akwatin ga naka, ka hidda kayan." Na kwashe tufafi da littattafai na zube a ƙasa. Ya kwance bakin burgamin, sai ga gero sussukakke, an cuɗe shi da toka saboda ƙwari. "Irinmu ne," in ji shi. "Abin da munka tsinta cikin kwari, da ragowar na bara. Shi kaɗai ya rage. A gida in yara sunka yi kukan yunwa, ban yarda da hannuna ba, balle na uwarku." Ya sa burgamin a akwati da kansa, ya danna kwaɗo, ya mayar mini da mabuɗin a wuya da hannunsa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Irin kakanninmu, wanda ko kusa da shi ba a bari in je, ga shi a akwatina, kuma Baba ya tako tun daga ƙauye ya kawo mini, ni, ba Rabe ba. Ƙirjina ya cika har ina jin zan tashi sama. Na raka shi har bakin gari ina riƙe da igiyar jaki. Da zai hau ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kana samun tuwo nan, ba ka taɓa shi." Ya gyara zama, sannan ya ƙara, "Rabe ne ma ya ce a kawo maka. Yaron ga yana da hankali." Na tsaya a wurin, igiya ta zame daga hannuna. Ashe ba don an yarda da ni ba ne, don cikina a cike yake ne, kuma ko wannan ɗin ma sai da Rabe ya faɗa. Na koma gida ina ta harbin duwatsu a hanya.

Duk da haka na riƙe amanar kamar raina. Tufafina suka koma kan ƙusa, littattafaina suka koma kan bulo. Na ɗora akwatin bisa duwatsu saboda gara, na toshe ramin ɓera da fasasshiyar kwalba, ko wanka zan yi mabuɗin yana wuyana. Abokaina suka sa ni gaba da tsiya, wai zinariya nake ɓoyo, wai kayan lefe na fara tarawa. Ban gaya wa kowa ba sai Kawu da matarsa. Lokaci-lokaci nakan buɗe, in sa hanci, in ji ƙamshin ɗakin Baba, hayaƙi da toka da fata, in rufe. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, labarin da ke zuwa daga ƙauye kullum ya fi na jiya muni. An sayar da awaki, an sayar da jakin, ƙanwarmu Tsahara ta kwanta ciwon ciki.

Cikin tsakiyar bazara, ranar kasuwa, aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga wani saurayi tsaye da ɗaurin igiyoyin kaba a kai. Abin da na fara gani, Allah ya sani, ba ramarsa ba ce. Rigar da ke jikinsa na gani, shuɗiyar rigar Baba ta zuwa Juma'a. Har rigar ma an ba shi, na ce a raina. Sai daga baya idona ya sauka kan ƙafafunsa, sun zama kamar karan dawa, sun yi furu-furu, sannan na gane Rabe ne sosai, a ƙasa ya tako. Inna Haɗi ta zubo masa tuwo. Ya ci rabi a hankali kamar mai jin tsoronsa, ya naɗe rabin a ganye ya sa aljihu, ya ce na Tsahara ne. Da ya sha ruwa ya ce in buɗe masa akwati.

Nan jinina ya hau. Na ce a raina ga shi nan, an turo shi ya duba ko na ci, ko kuma ya karɓe. Na dafe mabuɗi na ce Baba ni ya ba, ba mai buɗewa sai shi. Rabe ya ce gani kawai zai yi. Ni kuwa bakina ya riga ya ɓalle, abin da na haɗiye shekara da shekaru ya fito. Na ce ba ya isarsa ne, jaki nasa, gayauna tasa, zaɓen iri nasa, ga riga ma a wuyansa, wannan ɗaya da aka bar mini shi ma sai ya sa hannu? Na ce ai tun ranar da aka ɗaga shi aka sa a rumbu aka miƙa ni ga gardi na san matsayina a gidan.

Rabe ya dube ni. Sannan ya yi wata 'yar dariya marar ƙarfi ya ce, "Kai, Ila, ashe abin da ke cinka ke nan? Rigar ga, tawa ce ta yage, ba ni da wata." Ya jingina da bango. "Ka taɓa shiga rumbu da rana? Ga duhu, ga zahi, ga ƙaiƙayi. Ina leƙe ta huda, ina ganin an ɗora maka hannu bisa kai, ina roƙon Allah shi sa tari shi kubce mini su ji. Sau nawa ina barin awaki in laɓe bayan zanar ajinku ina saurare, har Baba ya kama ni ya zane ni. Ƙarhi ya duba, Ila. Na hi ka ƙashi, hauya ta hi zama hannuna, shi ke nan." Ya dubi littattafaina da ke kan bulo. "Kai tun ran nan anka hidda ka. Ni har yau ban hito ba."

Na cire mabuɗin na buɗe. Ya durƙusa, ya kwance burgami, ya nutsa hannunsa cikin geron har wuyan hannu, ya rufe ido. Na ga maƙogwaronsa yana motsi. Ya ce so yake kawai ya tabbata akwai abin da suke jira. Da ya zaro hannun, 'yan ƙwayoyi sun manne a tafinsa, ya bi su da farce ɗaya bayan ɗaya ya mayar, ya ɗaure baki, ya ce in rufe da sauri.

Daga ranar na daina cinye tuwona. Nakan raba shi biyu, in yayyanka rabin in shanya a kan rufin kwano ya bushe ƙarau, in kankare ƙanzon tukunya in haɗa, ranar kasuwa in ba wani ɗan ƙauyenmu ya kai. Inna Haɗi ta lura, sai malmalata ta riƙa ƙara girma. A lokacin ne na fara sanin yunwa kaɗan, ta zama a aji ana bayani kunnenka na ƙara, kuma na ji daɗinta, don ita ce abu na farko da muka raba da mutanen gidanmu. Kada dai a ce kishi ya tafi. Yana nan, sai dai ya rasa inda zai zauna sosai, tun da na san wanda nake kishinsa shi ma nawa yake yi.

Ruwan farko na 1985 ya sauka ana gab da ba mu hutu. Da ƙamshin ƙasa ya bugi hancina ban iya zama ba. Na roƙi izini, na sami amalanken jaki mai zuwa Maijirgi na ɗora akwatina, daga can na ɗauke shi a kai har gida, wuyana kamar zai karye. Na tarar da su a bakin gona suna jira, don wani ya riga ni da labari. Tsahara ta tashi, tana tsaye riƙe da zanen Inna. Baba ya karɓi mabuɗin, ya buɗe, ya ɗebo geron a tafi ya duba ya shinshina, ya yi bismilla. Bai yi mini jawabi ba, ba halinsa ba ne. Ya miƙa wa Rabe sungumi, ya cika ƙoƙo ya miƙo mini, ya ce, "Bi shi, Ila. Kaɗan-kaɗan, ba mu da na sakewa." Ila ya ce, bai ce Mushe ba. Rabe yana gaba yana sara, ni ina biye ina zubawa ina rufewa da dunduniya, ƙafata tana faɗawa cikin sawunsa. Rabe yakan tsaya ya huta a tsakiyar layi saboda jiri, ni ma in tsaya. A haka muka shuka abin da ya samu, kuma Allah ya ba da damina a shekarar.

Yau na yi ritaya daga aikin koyarwa, ni ne mushen da aka yi ta tsokana. Ba a ɓoye yara yanzu, iyaye ne ma ke cika ƙofar lakwal suna roƙon a ɗauki nasu. Rabe da kansa ya kama hannun 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, ya kai su tun ba a tambaya ba, autarsa a gidana take karatu. Baba ya daɗe da rasuwa, ban taɓa tambayarsa zancen ranar nan ba. A ciwonsa na ƙarshe ni nake riƙe da shi, kansa a ƙirjina, ya buɗe ido ya ce, "Rabe." Na ce na'am. Kowace kaka Rabe yakan zo mini da 'yan zangarniyoyi a ɗaure, ya ce in ajiye mana, ko da yake babu yunwar da ta kore su daga gida, ni kuma in sa su a tsohon akwatin nan. In na je ƙauye na hango shi yana ratsa gona da sassafe, hannu ɗaya a baya, da furfurarsa da tafiyar Baba sak, har yanzu sai in ji kishin nan ya motsa, in yi wa kaina dariya. Bayan ɗakin Inna kuwa fili ne yanzu, kaji ke tono a wurin. Rabe ya so a fito da shi daga rumbu, ni na so a saka ni, ga shi rumbun ma babu shi.